Injin Sassaƙa da Ilmin Hisabi

Duk kafintan da Allah ya hore wa injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, ya girka shi a shagonsa na Ƙofar Ɗan Agundi, ya kuma ɗaura masa dungu yana juyawa kamar gashin balangu, to, lalle ya sani ya ɗauki almajiri mai tsananin ɗa'a da ƙarancin fahimta. Domin kuwa idan maigida ya rubuta 1000 yana nufin milimita a minti, injin nan, da yake bai karanci babin niyya ba, wajen juyi daraja yake lissafawa, wadda 360 ke cika kewaye guda.

Da wannan adadi, taɓarya mai kaurin milimita 50 za ta wuce bakin ƙarfe da milimita 436 kacal a minti, har itace ya yi ƙauri, alhali turmi mai kaurin 300 zai zabga wajen 2,600, ƙarfen ya karye, maigida ya hau salati yana zargin maƙiya.

Saboda haka, ya kai malam kafinta, auna kaurin dungunka, ka yi hisabi tukuna, ka bar maƙiya su huta.