Mutanen Gindin Tarho

Kafin layukan GSM su iso Najeriya a 2001, wayoyin girke na ƙasar kaf ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Tarho ɗaya kan ɗauki nauyin layi guda a unguwa. Ga shi nan a falo, jibgege, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, da faifan lambobi da ake zura yatsa a juya. Duk wanda ya raɓe shi sai halinsa ya fito fili.

Uban tafiya shi ne Alhaji mai kwaɗo. Shi ya cike takardun kamfanin tarho na NITEL, shi ke biyan kuɗin wata, don haka ya sayo ɗan mitsitsin kwaɗo ya datse faifan, makulli kuma yana aljihun 'yar ciki. Kira ya shigo, marhabin. Kira ya fita, sai ka kawo dalili da shaidu. In ya yi maka izini, yana tsaye a kanka, ido a kan agogo, kana cikin sallama zai ce, "To, a taƙaita."

Abin da Alhaji bai sani ba, ɗansa na sakandare ya riga shi karatu. Yaron ya gano cewa faifan ba ya wani aiki sai katse layi sau adadin lambar da aka juya: uku, sau uku, sifili, sau goma. Sai ya ɗaga kan tarho ya riƙa ƙwanƙwasa maɓallin da ake ɗora shi a kai, da sauri, yana ƙirge. Kiran Kaduna kaɗai, 062, bugu goma ne, da shida, da biyu, kafin ma a kai ga lambar gidan. Kuskure ɗaya, ka faɗa gidan wani. Ƙarshen wata takarda ta zo da kuɗi masu yawa, Alhaji ya duba kwaɗo ya ga lafiya lau, ya zagi kamfani son ransa. Yaron na gefe yana taya shi.

Sai maƙwabci mai lambar aro. Bai taɓa biyan ko kwabo ba, amma lambar gidan Alhaji ce a allon shagonsa. A kira, a ce, "Sake bugowa bayan minti goma," a tura yaro da gudu. Shi kuwa ya zo ya miƙe ƙafa a kan kafet, mai kira bai sake kira ba sai bayan la'asar, tuwon rana ya riske shi a nan, kuma ba ya ƙin tayi.

Akwai mai auna murya da nisan gari. Zariya, magana. Legas, ihu. In kuwa daga Jidda ne lokacin aikin Hajji, maƙwabta har gida na uku sun san nawa guzuri ya rage.

Gwaggo ita ce asarar masu kiran nesa. Ɗanta na bugowa daga Legas, kowane minti da kuɗinsa, ita kuwa ba ta yarda a tsallake komai ba: ya gajiya, ya iyali, ya sanyi, ya mai jiki, ya wajen su wane. Layi ya yanke, ta ajiye tana murmushi. "Me ya ce, Gwaggo?" "Lafiya lau suke." Sai wasiƙa ta iso ake jin haihuwa aka yi, har an yi suna.

Mai tsintar hira kuma, in layi ya sarƙe da na wasu, numfashi ma ba ya yi.

Wanda ya fi kowa shan wuya saurayi ne. Ya haddace lokacin da mahaifin yarinya ke fita masallaci, ya juya lambobi shida yana gumi, faifan na komawa a hankali kamar mai jin kunya. Sai ya ji murya mai kauri: "Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Yi haƙuri Baba, kuskuren lamba ne."

"Kai ne mai kuskuren jiya da shekaranjiya? To, ka turo magabatanka su yi kuskuren gida."