Kowa Ya Kalli Nan

Gidan Bahaushe an tsara shi ne yadda wasu mutane ba za su taɓa haɗuwa ba. Zaure ya tare baƙo, labule ya tare suruki, abin da ya rage kuma kunya ta ji da shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta jera da shi. Suruki in ya hango surukarsa a lungu, take yake tuna yana da saƙo a wani lungun. A haka kakanninmu suka zauna lafiya, har ranar da Baba ya shiga shagon wani abokinsa a Kantin Kwari ya ga ƙaton hoto a bango, mutumin a tsakiya da iyalinsa kaf cikin anko. Ya dawo gida ana saura mako biyu a sha ruwa na ƙarshe, ya nuna ni da carbi ya ce bana za a ɗauki gidansa gaba ɗaya, kuma ni zan shirya tunda ni aka kashe wa kuɗin boko.

Shi Baba, in ka cire na fasfo, hotonsa ɗaya ne a duniya. An ɗauke shi a Sabon Gari a 1975, shekarar da kuɗin Udoji ya shiga gari. Yana tsaye da wando mai faɗin ƙafa, hannunsa a kan wata rediyo da ba tasa ba, bayansa zanen jirgin sama, fuska a murtuke. A zamaninsu washe baki a hoto rashin kamun kai ne. Fim kuma tsada gare shi, ko da aka zo yayin na naɗi hoto 36 kacal yake ci, don haka in ka ƙifta ido a haka jikokinka za su san ka. Wannan shi ne abin da Baba ya sani game da hoto: a tsaya, a ɗaure fuska, a biya, a tafi. Bai lissafa da cewa yanzu yana da mata uku ba.

Maganar anko ba ta kai ko'ina ba. Hajiya ta ce ruwan toka, Ummanmu ta ce ruwan ƙasa, Anti amarya ta ce ruwan hoda. Baba ya ce maza su sa farar shadda, mata kuma Allah ya daidaita su. Tela ya ba ni rigata daren Sallah, hannun dama ya ɗara na hagu, ya ce ai a hoto ba a gani.

Na sa rana washegarin Sallah, don ranar Idi kowa na fama da tuwo da baƙi. Mai hoto ya rantse zai iso ana idar da azahar. Abin da bai faɗa mini ba shi ne ranar Hawan Daushe ce babbar kasuwarsa. Sarki zai fita ya gaida Mai Babban Ɗaki ya zagayo Ƙofar Kudu a yi jafi, kowane hakimi na neman a ɗauke shi a kan doki, hanyoyin cikin gari kuma duk a toshe. Wannan ma kafin UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024; da yanzu ne ban san ko zai amsa wayata ba.

Tun sha biyu aka yi wa yara wanka aka shirya su, aka ce kowa ya zauna kada ya motsa. Yaran da ke jiyo harbin 'yan bindiga daga nesa, ga kuɗin barka da Sallah na ƙaiƙayi a aljihu. Kafin la'asar ɗaya ya zuba zoɓo a gaban farar shadda, biyu sun yi dambe a kan hula, Auta ta goge kwallinta da gefen mayafin uwarta, hodar Anti kuma ta fara gangarowa da gumi. Ni ina bakin zaure ina buga waya, ana ce mini ga shi nan ya kusa.

La'asar sakaliya ya iso a babur, yana ƙaurin doki, da fitila mai lema da naɗaɗɗen labule. Ya warware labulen a tsakar gida sai ga dogayen benayen Dubai, ya rufe rumbu da turken awaki. Ya ce a kawo kujeru biyu.

"Biyu?" in ji ni.

"Ta Alhaji da ta Hajiya."

Tsakar gidan ya yi tsit. Na ja shi gefe na yi masa lissafi, ya ce to a kawo huɗu. Sai dai mutum gefe biyu gare shi, dama da hagu, kuma duk iya bokona ban ga yadda uku za ta shiga biyu ba. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai tsaya daidai kujerar dama tana gyara ɗankwali. Umma ta dafa ta hagu. Anti ta kalli sama ta ce, ba da kowa take ba, yau dai girkinta ne. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri.

Gwaggo ce ta raba gardamar. Ta taho da sandarta ta zauna daram a kujerar dama ta ce ita ta goya shi a bayanta tun kafin a haifi iyayen wasu. Ta sa aka janye ta hagu gaba ɗaya. Mata uku suka koma baya suka jera, kowace ta bar tsakaninta da 'yar'uwarta filin da zai ɗauki mutum biyu.

Mai hoto ya ga fili, sai ya fara cikewa da dogaye. Ya kamo hannun Yaya Babba ya tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da Hajiya.

"Hajiya, ɗan matso kusa da ɗanki."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Wane ɗan? Ɗan Gwaggo dai." Ta zame ta koma can ƙarshen layi. Yaya Babba, mutum mai 'ya'ya shida da furfura a gemu, ya tsaya yana duban takalminsa. Shekara arba'in da ɗoriya ba ta taɓa ambaton sunansa ba, mai hoto yana so ya warware wannan kafin rana ta faɗi.

Ana cikin haka mijin Yayarmu ya yi sallama ya zo gaisuwar Sallah. Ya tuɓe takalmi tun daga soro ya durƙusa. Baba ya ce maza ya shigo hoto, ai shi ma ɗa ne. Mai hoto ya ce ya tsaya bayan Alhaji ya dafa kafaɗarsa. Bawan Allah ya ce nan ma ya isa, ya ƙara durƙusawa a inda yake, daura da tulun ruwa. Aka yi aka yi, ko taku ɗaya bai ƙara ba.

Kawu kuwa tun farko ya ce ba da shi ba, hoto ba kyau. Baba ya tambaye shi me aka liƙa a fasfonsa da ya je Makka. Ya ce wannan larura ce. Ya koma gefe ya harɗe hannu, amma daga nan yake ba da umarni: a gyara wa yaron can hula, wancan ya rufe baki, labulen ya karkace.

"Kowa ya kalli nan! A yi murmushi!"

Baba ya ƙara ɗaure fuska irin ta 1975. Hajiya ta ɗaga leɓe daidai yadda haƙorin Makka zai fito, ba ƙari. Ya danna, fitila ta yi walƙiya, jarirai biyu suka tsandara kuka. Ya danna kuma, wani ya ƙifta. Ya sake, akuya ta leƙo ta ƙarƙashin Dubai. Sai aka ɗauke wuta, fitilarsa kuwa ba ta aiki sai da ita. Na ruga na tayar da janareta, na tsaya riƙe da waya a soket saboda in na saki tana zarewa. Hayaƙi ya turnuƙe, Gwaggo ta hau tari, wata tawagar yara 'yan yawon Sallah ta ɓarko gidan, ladan ya kira magariba. Maza suka watse a tsakiyar "ɗaya, biyu." Mai hoto ya naɗe Dubai ya ce kada in damu, sauran aikin na kwamfuta ne.

Bayan sati ya kawo hoton cikin firam mai ruwan zinari, faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki. Ashe da bai samu guda ɗaya mai kyau ba, sai ya yanko kowa daga inda ya fi fitowa ya jera mu yadda ransa ya ga dama. Ga Hajiya manne da Yaya Babba, har da hannu a kafaɗarta, hannun ma da lalle, wato na wata ne. Anti ta samu hagun Baba. Surukinmu hularsa kawai ake gani a ƙasa kamar an kife ƙwarya. Kawu ya fito ras a gefe, yana nuni da yatsa. Dukanmu mun yi fari tas, an goge wa Gwaggo tsagar fuskarta ta gado, ta ce ita ba ta san wannan Balarabiyar ba. Ni da nake wajen janareta, ya ɗauko hotona na WhatsApp ya dasa a layin baya, kowa cikin farar shadda, ni kaɗai cikin kakin bautar ƙasa ina sara wa jama'a.

Hajiya ta ce muddin hoton nan na falo ba za ta ƙara shiga ba. Umma ta ce ita ma. Baba ya sa aka rataye shi a zaure, inda mata ba sa zama, ya tsaya yana ƙirga zuriyarsa da carbi. A gaba, jingine da gwiwarsa, akwai wani yaro mai shuɗiyar hula, ya fi kowa kyau a hoton, ya fi kowa murmushi.

"Wannan na wane ɗaki ne?"

Hajiya ta aiko cewa ta ɗauka jikan Umma ne. Umma ta ce ta zaci ɗan ƙanwar Anti ne. Anti ta ce ita da ta gan shi kan gwiwar Alhaji ai ba ta isa ta tambaya ba.

Ranar Juma'a da yamma aka yi sallama a zaure. Na fita, sai ga shuɗiyar hula. Ya durƙusa ya gaida Baba da ladabi, ya ɗaga kai ya duba bango ya gyaɗa kai, sannan ya ce ya zo karɓar nasa kwafin. Baba ya ce gaskiyarsa, ya juyo ya ce in je a wanko masa, kuɗin kuma in fitar daga aljihuna.