Dutse Ma Yana Ciwo, Alhaji

Na san halinku. Da an ce ana kashe kuɗi wajen wanke dutse sai ku taɓe baki ku ce, "Dutse kuma? Idi zai je?" To ku gyara zama, ku da kuka ƙarar da kuɗin tara a kallon fim ɗin Indiya, yau Mumbai muka nufa.

Babbar tashar jirgin ƙasan nan mai ƙubba, sunanta Chhatrapati Shivaji Maharaj Terminus. Wanda harshensa ya harɗe ya ce tsohuwar Victoria Terminus, ba za mu yi masa dariya sosai ba. Frederick William Stevens ne ya zana ta, aka fara gini a 1878, aka buɗe a 1887, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004. Ga zaki da damisa na dutse a bakin ƙofa, ga indararo masu kawunan dabbobi, ga miliyoyin fasinjoji kullum.

"To ai ta tsaya shekara ɗari da ɗoriya, me ya ci ta?" Damina, ranka ya daɗe. Daga Yuni zuwa Satumba sama ba ta ɗagawa, iskar teku na kawo gishiri, motoci na turnuƙe ta da hayaƙi, tattabaru kuma na sauke nasu kason. Gishirin ya bi ruwa ya shige ƙananan ramukan dutsen, in ya bushe ya kumbura, sai fuskar sassaƙa ta fara marmashewa.

Ga wani can yana ɗaga hannu: "A shafe da siminti a huta!" Alhaji, ba kai ne ka yaɓe katangar ƙasa ta gidan gado da siminti ba, danshi ya rasa mafita, ta ɓantare ta kusa danne akuyar maƙwabci? Haka tsohon dutse yake. Kwaɓin farar ƙasa yake so, wanda ke barin danshi ya fita, a wanke shi a hankali, ba a feshe shi da yashi ba.

Sai fitilu, inda kuka fi ƙarfin gardama. Kun ce ƙwai ai ƙwai ne. Amma wa zai huda bangon a maƙala su? Ƙarfen da aka cusa cikin dutse in ya yi tsatsa kumbura yake ya tsaga shi, shi ya sa gwanaye ke kafa maƙali a tsakanin duwatsu. A 15 ga Agusta akan haska ginin da launin tutar Indiya, wannan ban ƙi ba. Amma a riƙa watsa masa shuɗi da ja kowane dare har sassaƙar ta ɓace, a nan kam ina tare da ku, ko da yake na san kuɗin wuta kawai kuke ji.