Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Katalog

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa daga ɗaliban Jega, Aliero da Maiyama, masu yini a gaban allonka. Bayan haka, ƙorafi ne ke tafe da mu.

Ba ilimi ka rasa ba. Tun a shekarun 1960 Henriette Avram ta tsara maka MARC, ƙa'idar shigar da bayanan littattafai, a laburaren Majalisar Dokokin Amurka. A gurbi na 245 an ware maka wurin babban suna, da na lambar juzu'i, da na sunan juzu'in, aka bar wa jerin littattafai gurbi na 490. To, me ya kai ka zuba su a layi ɗaya?

Mutum ya nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sai ka jero masa suna ɗaya har sau uku, ba lamba. Ya biya kuɗin kabu-kabu, ya koma gida da wanda ya riga ya karanta. In kuwa sunan wani labari na ciki ya rubuta maka, sai ka rantse ba ka taɓa jin sa ba.

Da ka zo kan Malam Abdullahi na Gwandu, sai ka juya. Don kawai Liya'ul Hukkami da Liya'us Siyasati da Liya'us Sulɗani sun fara da kalma ɗaya, ka mai da su juzu'an littafi guda, alhali kowanne zaman kansa yake yi. Liya'ut Ta'awili kuwa, tafsirin da aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu, shi ka watsa, kowane juzu'i da inda ya faɗa.

Lissafinka ma abin dubawa ne, tunda a wurinka 10 ke zuwa kafin 2.

Na san za ka ce laifin mai shigar da bayanai ne. Da gaskiyarka, amma wa ya ce ka karɓi duk abin da aka miƙo maka ba tambaya?

Buƙatarmu ba yawa: babban suna a sama, juzu'i a ƙarƙashinsa da lambarsa, babi a ƙarƙashin juzu'i. In hakan ya gagare ka, za mu ɗauko ka mu kawo Aliero. Masu ɗorinmu sun haɗa karayar da ta fi taka muni. Sai dai ka shirya, ɗori da zafi.

Naka,
Mai neman juzu'i na biyu