Zuwa ga Kyaftin ɗin Sara, matuƙin jirgi marar inji

Taubashina, bawana, Kyaftin na Sara, barka da sauka. Saukar kaɗai na yi maka barka da ita, domin tashin har yau ana neman shaidu.

Tun ranar da kwalin jirgin nan ya iso daga Kano ka hana gidan Kawu sakat. Ka baje kayan a tabarmar zaure: haƙarƙarin fiffike siri-siri na itacen balsa, marar nauyi kamar busasshen kara, ledar rufe shi, ƴan na'urori biyu masu juya jela, batir da rimot. Inna ta leƙo ta ce ina injin? Ka gyara hula ka ce ai wannan iska ce ke ɗaukarsa. Ta ce, "Wato kuɗin buhun gero ka zuba a abin da iska za ta ɗauka?" Wallahi tsohuwar nan ta riga ka fahimtar ilimin jirgi.

Takardar bayani ta ce a bar gam ya kwana. Kai ka ba shi tsawon shan shayi ɗaya. Fiffiken dama ya fito a karkace kamar hularka ta zuwa zance. Takardar ta ce a ɗora jirgin kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike, kusan kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba, a ga hancin ya ɗan sunkuya. In jela ta rinjaya, a ƙara wa hanci nauyi. Ka ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, naka idon bai san ko ɗaya ba.

Ran gwaji ka tara yaran unguwa a gonar da aka girbe bayan gari. Ka yi bismilla, ka cilla. Jirgi ya ɗaga hanci sama kamar sabon mai kuɗi, ya tsaya cak, ya yi tunanin rayuwa, sannan ya zo ya kafa kai a tsibin kara. Kana ta murɗa rimot bayan komai ya ƙare. An ce akuya ce ta fara isa wurin, ta kuma ɗanɗana jelar.

Kada ka ce ƙasarmu ce ba ta karɓi jirgi ba. Tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano. A 2007 ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen mota, kuma ya ɗaga daga ƙasa. Shi bola ya bi yana tsinta. Kai an yanka maka, an jera maka, har da hoto.

Otto Lilienthal na Jamus, wanda ya yi shawagi sama da sau 2,000 da fiffike marar inji daga 1891 zuwa 1896, shekaru ya yi yana kallon shamuwa kafin ya amince wa iska. Kai kuwa duk damina shamuwa na sheƙa a kan bishiyar ƙofar gidanku, ba ka taɓa ɗaga kai ba sai in ta ɓata maka riga. Je ka kasuwar Sara da rana tsaka, ka tsaya wajen mahauta ka dubi shirwa. Ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi na hawa, ita kuma ta shimfiɗa fiffike tana kewaya a ciki, tana yin sama ba ko kaɗawa. Abin da jirginka ke so ke nan: mai jira, mai lura. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Ba yau ka fara ba. Motar karan da ka yi muna yara, ƙafa uku ta zo da su.

Amma jini ya fi ruwa kauri. Tattaro gawar, ni zan kawo gam, mu bar shi ya kwana biyu, mu nufi duwatsun Birnin Kudu inda iska ke hawa gangare. Sharaɗi biyu ne: ka biya kuɗin sharar da nake binka tun bara, sannan rimot a hannuna. Kai aikinka gudu da ɗaukowa, kamar yadda ya dace da bawa.