Fom Ɗaya, Hali Iri-Iri

A yawancin jami'o'in Amurka akwai wani ɗan asusu da ake warewa domin ɗaliban digirin farko. Ɗalibi ya zo da tambayar da yake son bin diddiginta, ko fim ko wasan kwaikwayo ko littafin da yake son yi, ya samo malamin da zai tsaya masa, ya rubuta shafi biyu ko uku, ya lissafo abin da zai kashe. Kwamiti ya zauna, ya ba wasu kuɗi, ya ba wasu haƙuri. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba: wani wurin 'yan ɗaruruwan daloli ne na kayan aiki, wani wurin 'yan dubbai da za su riƙe yaro mako goma na dogon hutu. A jami'ar MIT abin ya kafu, inda wata matashiyar malamar fiziks, Margaret MacVicar, ta buɗe shirin UROP a 1969. Tun 1957 Edwin Land, mai kamfanin Polaroid, ya tsaya a wannan jami'a yana cewa a daina jira sai yaro ya gama digiri kafin a bar shi ya taɓa bincike. Jami'ar Caltech ta buɗe nata a 1979, hukumar kimiyya ta ƙasa, NSF, ta buɗe wani shirin da kuɗin gwamnati a 1987, yau kuwa har ƙananan kwalejoji suna da nasu.

Fom ɗin kusan iri ɗaya ne ko'ina, tambayoyinsa kuma ba su da wuya: me za ka yi, yaya za ka yi, yaushe, nawa, wa zai duba ka. Amma duk wanda ya taɓa zaman irin wannan kwamiti ya san tambayoyin nan sun isa su tona halin mutum har gindi.

Wanda takardarsa ta fi daɗin karatu shi ne Sarkin Buri. Yana aji biyu, kuma zai kawo ƙarshen zazzaɓin cizon sauro kafin a dawo hutu. Shafin farko gaba ɗaya bayanin yadda cutar ta addabi duniya ne, sai ka ce 'yan kwamitin ba su taɓa jin labarinta ba. Sashen yadda za a yi aikin kuwa layi uku ne, na ukun ma addu'a ce. Ba a gaya masa ba cewa rigakafin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, tun 1987 ake fama da shi. Akwai tambayar da tsofaffin 'yan kwamiti suke ajiye masa musamman: "Litinin ta farko, ƙarfe tara na safe, ka shiga ɗakin gwaji, me za ka fara taɓawa?" A nan sarauta take ƙarewa. Ni dai ina son wannan yaro, domin wanda ya ɗauko kaya da yawa ana iya rage masa. Wanda ya zo hannu rabbana ne ba a san ta inda za a taimake shi ba.

Sha-biyu-saura shi ma kowa ya san shi. Ana rufe karɓar takardu ƙarfe 11:59 na dare, shi kuma ƙarfe goma da rabi ya gano cewa wasiƙar malami daban ake tura ta, kuma malamin ne da kansa zai tura. Sai imel ya sauka wa farfesan da ya riga ya yi barci: gaisuwa layi ɗaya, roƙo layi tara. Kashegari da sassafe yana ƙofar ofis da labarin intanet ɗin da ya ɗauke, a ƙasar da ba kasafai ake ɗauke wuta ba.

Ɗan kasuwa daga kasafi yake fara cika fom, sauran kuma ya cike su daga baya. Kafin ya san abin da zai bincika ya san adadin da aka ce kada a wuce, kuma jimillarsa kullum takan tsaya daidai kan wannan adadi, ko dala ɗaya ba ta ragewa. Jerin nasa kamar na kayan lefe: kwamfuta sabuwa, kyamara, abin ɗora kyamara, jakar kyamara, tikitin zuwa Faransa don ganin wani hoto da ke kan intanet kyauta, sai wani layi a ƙasa mai suna "sauran tarkace" da ya fi duk na samansa tsada. Abin da bai karanta ba shi ne ƙananan rubutun ƙasan shafi, inda yawancin jami'o'i ke cewa kayan da aka saya da kuɗin tallafi na jami'a ne, za a mayar in an gama. Ƙanwarsa a hali ita ce Mai Kunya, wadda ta juya wa lissafin baya. Za ta yi mako goma tana aiki daga safe zuwa yamma, amma abin da ta nema kuɗin kwafin takardu ne da batir. Ba ta sa kuɗin mota ba, ba ta sa na abinci ba, wai kada a ce ta cika son kuɗi. Ita kaɗai ce ake mayar wa da takarda a ce ta ƙara.

Akwai wanda nake kira Bakin Malam. Takardarsa tsaf, ba kuskure ko ɗaya, kalmomin fanni sun zauna daram, har da ambaton "sakamakon da muka samu shekaru shida da suka wuce", lokacin da shi yana ƙaramar sakandare. An yanko ta ne daga babbar takardar da farfesansa ya tura wa gwamnati, aka rage mata tsawo aka sa sunan yaro. In aka kira shi ganawa aka ce ya yi bayanin jimla ta biyu da bakinsa, sai ya dubi jimlar da mamaki, ya sake karanta ta da ƙarfi, a hankali, ko Allah zai sa ta yi bayanin kanta.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 wannan ya samu ɗan'uwa, wanda ba ya ma bukatar farfesa. Rubutunsa sumul, kowane sakin layi tsawonsa ɗaya, komai "muhimmi ne ƙwarai", ba a ce komai ba. Inda asirinsa ke tonuwa shi ne jerin littattafan da ya ce ya karanta. Marubucin na gaske ne, mujallar ta gaske ce, maƙalar ce dai ba a taɓa rubuta ta ba. Ranar ta fi baƙi in marubucin da aka laƙa wa ita yana zaune a kwamitin.

Masu ayyukan fasaha duniyarsu daban, kuma a nan kwamiti ma yana da laifinsa, domin masana kimiyya ne suka tsara fom ɗin, suka ce wa mai rubuta waƙa ya faɗi "sakamakon da ake sa ran samu". Duk da haka Mai Ilhami yana wuce gona da iri. A gurbin jadawalin aiki ya rubuta cewa fasaha ba ta san agogo ba. A gurbin hanyar aiki ya ce zai saurari abin da birni zai gaya masa. Zai yi fim na minti casa'in, shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne jarumi, shi ne mai haɗa hoto, bai kuma sa ko sisi na ɗaukar sauti ba. Wadda ke samun kuɗin ita ce ta kusa da shi, wadda ta ce fim ɗinta minti takwas ne, za ta ɗauka a kicin ɗin kakarta cikin kwana huɗu, ga sunan wanda zai riƙe makirfo, ga kuɗin abincin 'yan wasa. Masu kimiyyar kwamitin ba su san fim ba, amma sun san mutumin da ya taɓa tunanin abincin rana.

Sai Mai Hira. Zai zagaya gidajen marasa galihu ya tambaye su halin da suke ciki, ya naɗi muryoyinsu, ya ɗauki hotunansu, zai kuma fara mako mai zuwa. Bai san cewa duk binciken da ya shafi mutane sai ya bi ta wani kwamiti na daban ba, mai duba ko an nemi yardar mutanen, ko an ɓoye sunayensu, ko tambayoyin za su cutar da su. Wannan yakan ci makonni. Yaro ya yi ta ƙorafi wai takardu sun yi yawa. Takardun nan kuwa suna da tarihi, kuma ba na dariya ba ne. A Tuskegee ta jihar Alabama, daga 1932 zuwa 1972, likitocin gwamnati sun zuba wa ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ido don su ga yadda cutar ke cin jiki, ba su ba su magani ba ko bayan da fenisilin ya samu. Tonuwar wannan ce ta haifar da dokar 1974 da ta sa ake kafa waɗannan kwamitoci. In an ba Mai Hira wannan labari yakan yi shiru, sannan ya tambaya ko za a iya yi masa nasa da sauri.

Namu na gida ba a bar shi a baya ba. Kuɗin NSF na 'yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin, saboda haka ɗalibin da ya zo daga Kano ko Damagaram ko Kumasi ba shi da madogara sai wannan ƙaramin asusu na jami'a. Shi yakan zo ofis da kansa, ya gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, sannan ya ce, "Malam, dama wata 'yar takarda ce nake so a duba min." Bincike ne kan marinar Ƙofar Mata, kuma wajibi ne a yi shi cikin watan Yuni. Ka duba kalanda ka ga a shekarar cikin Yuni Babbar Salla ta faɗo. Ka ɗan matsa, ka ji ashe akwai bikin yayarsa ma. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Yaron ya san harshen masu rinin, ya san wanda zai gaisar kafin ya yi tambaya, ya san bambancin baba na gaske da na kanti, abin da ɗan Ohayo zai shekara bai gane ba. Abin da ke kayar da shi wani ofishi ne can, domin jami'o'i da yawa ba sa biyan kuɗin tafiya zuwa wuraren da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta yi gargaɗi a kansu, jihohin arewacin Najeriya da dama kuwa sun daɗe a wannan jeri. Sai ka ga ana neman yaro ya cika fom yana bayanin matakan tsaron da zai ɗauka a ɗakin mahaifiyarsa.

Malaman da ke tsaya wa yaran ma sai an yi musu nasu layin. Akwai Farfesa Na-tafi-taro, wanda ya sa hannu a filin jirgi, yaron kuma ba zai sake ganinsa ba sai ranar ɗaukar hoto. Ɗalibin digiri na uku ne zai yi renon, ba lada ba la'ada. Akwai mai wasiƙa ɗaya tilo da yake canza wa suna duk shekara, wani lokaci ya manta, sai ka karanta yabon wata yarinya a takardar wani ƙato mai gemu. Akwai mai neman ɗan aike, wanda a wurinsa koyar da bincike shi ne wanke kwalabe. Akwai kuma sabuwar malama da ba ta iya cewa a'a ba, ta karɓi yara bakwai, ga nata aikin na neman tabbatarwa a kujera yana jiranta. Wasiƙarta ce kaɗai za ka karanta ka san ta taɓa zama da yaron, domin ita ce ke faɗar inda yake da rauni.

Kwamitin kansa? Mutum biyar, biyu sun karanta takardun, ɗaya ya karanta na sashensu kawai, ɗaya yana faɗa kan girman harafi, na biyar ya zo ne don an ce akwai shayi.

Bayan kuɗi sun fito sai a ga wasu halayen kuma. Wani ya ɓace har sai watan Afrilu, lokacin da jami'o'i da yawa ke yin ranar baje kolin bincike, ya bayyana da fosta mai rubutu ƙanana da ba mai iya karantawa sai da tabarau biyu. Wani ya tsaya gaban tasa cikin kwat, yana tare duk mai wucewa, har da mai shara. Wata ta zo tana ba da haƙuri wai gwajinta bai ba da abin da ta zata ba, alhali ita kaɗai ce a zauren ta gano wani abu.

Amma duk cikinsu, ɗalibi da malami, mutum ɗaya suke tsoro: matar ofishin kuɗi. Ba ruwanta da zazzaɓin cizon sauro, ba ruwanta da abin da birni ya gaya wa kowa. Rasit take so, na asali, mai kwanan wata, wanda bai jiƙe da kofi ba. Ita ce ke bin Ɗan kasuwa har ya dawo da kyamara da jakarta da murfin gilashinta. A gabanta ne za ka ga farfesan da duniya ta san sunansa ya tsaya yana lalube aljihu, yana rantsuwa cewa salatif ɗin dala bakwai da aka saya wallahi na aiki ne. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta tura masa wani fom ɗin, ta ce a kawo kafin Juma'a.