Ire-iren Baƙin Hamdallaye

Hamdallaye ƙauye ne a kan hanyar Yamai zuwa Filinge, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga babban birnin Nijar. A nan ne hukumar 'yan sa kai ta Amurka, wato Peace Corps, ta ajiye sansanin horar da sababbin zuwa. Shugaba John Kennedy ne ya kafa hukumar a watan Maris na 1961. Rukunin farko ya sauka Ghana a watan Agusta na wannan shekara, Nijar kuma ta karɓi nata a 1962, malaman Turanci ne su bakwai. Daga nan zuwa 2011 mutum sama da 3,000 suka yi aiki a ƙasar. Da farko a jami'o'in Amurka da sansanonin Puerto Rico ake horon, inda har hawan dutse da igiya ake koya musu, kafin a lura cewa wannan ba ya koya wa mutum cin tuwo da hannu, aka mayar da horon ƙasar da za a yi aikin.

A wancan lokacin tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Wata biyu zuwa uku ake yi kafin a rantsar da mutum ya tafi ƙauyensa na shekara biyu. Da rana ana sansani, ana koyon Hausa ko Zabarmanci, wasu da Faransanci, sai darasin kiwon lafiya, da na sana'ar da aka zo yi: renon dashe, gina murhu mai tattalin itace, awon jarirai, haɗa ruwan gishiri da sukari. Da yamma kowa ya gangara gidan da aka sauke shi. A nan ne ainihin makarantar take. Mutumin da ya baro gida da digiri, da niyyar koyar da jama'a, sai ya wayi gari an raɗa masa sabon suna, ana nuna masa hannun da ake cin abinci da shi, da yadda ake riƙe buta, yara 'yan shekara biyar suna gyara masa magana. An mayar da shi jariri ke nan. Abin da ya raba ɗalibai iri-iri shi ne yadda kowanne yake ɗaukar wannan jarirtakar.

Wanda ya fi saurin bayyana shi ne mai ceton duniya. Tun a cikin jirgi ya gama tsara yadda zai tsayar da hamada. Kwana uku da sauka ya riga ya gano abin da ke damun noman gero, alhali bai iya bambanta gero da dawa a tsaye ba. A aji shi ne mai ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa ba a haƙa rijiya kawai a huta, kamar wannan dabara ta ɓace wa mutanen da kakanninsu suka haƙa rijiya mai gaba arba'in da hannu. Idan ya kai shawararsa gaban mai gari, akan saurare shi da kyau, a ce masa «Madalla, in Allah ya yarda», ya dawo sansani yana murna an amince. Wata guda yake ɗauka kafin ya fara zargin cewa ba haka maganar take ba. Maganinsa hauya ce. Akan ba shi ita a rana ɗaya ta damina ya bi maigidansa gona, kafin azahar tafin hannu ya yi kanta, tsarin tsayar da hamada ya koma na dashen zogale guda ashirin a bayan gida, wanda in awaki sun bari abin alheri ne.

Ajin harshe yana fitar da iri biyu da ba sa ga maciji. Na farko mai ɗan littafi ne a aljihu. Ba ya barin kalma ta wuce shi. Uwar masauki tana tsakiyar yi wa jikanta faɗa zai tsayar da ita ta maimaita, don ya rubuta. Ya haddace karin magana talatin yana jefa su inda bai dace ba, har a gidan rasuwa. Gwajin harshe na ƙarshen horo, wanda sai an kai matsakaicin mataki a cikinsa ake rantsar da mutum, shi ne alƙiyamarsa, kuma yakan ci da maki mai kyau, sai dai a kasuwa ba mai gane shi saboda ya ɗauki muryar littafi.

Na biyu kuwa jarinsa kalma uku ne: to, madalla, lafiya lau. Da su yake sallamar kowace tambaya, yana murmushi yana gyaɗa kai. Jama'a suna sonsa ƙwarai, don ba a taɓa jin ya yi musu ba. Sai ranar da malamin harshe ya kai ziyara gidan ake gano ɓarnar da aka tafka: ya yarda zai auri ƙanwar maigida, ya yarda zai tafi da yara biyu Amurka, ya kuma bayar da rediyonsa. Duka biyun lissafin kuɗi ne ke haɗa su a rami ɗaya. A Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala sefa biyar, saboda haka tsabar da aka rubuta wa 100 sunanta dala ashirin, ta 500 kuma dala ɗari. Mai digirin lissafi zai tsaya gaban mai ƙosai yana motsa leɓe, daga ƙarshe ya buɗe tafin hannu ya ce ta ɗauki nata.

Sarkin kaya ba ya buƙatar dogon bayani. Yana da fitilar goshi biyu, wuƙa mai baki goma sha biyu, faifan hasken rana, wando mai aljihu takwas, da takardar bayan gida da yake ƙirga ta falle-falle. Duk da haka ranar da hadari ya taso da tsakar dare, guguwar ƙura ta riga ruwa isowa, shi ma haka zai kwashi katifa da gidan sauro ya ruga ɗaki ba takalmi, kamar kowa.

Mai lissafin ciki ya cancanci a tsaya a kansa, don kowa yana da ɗan rabo a halinsa. Likitocin hukumar sukan ba kowane ɗalibi akwatin magani da matatar ruwa, su koya masa ɗiga sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, su jera masa sunayen abin da ke jiransa: zazzaɓin cizon sauro, atuni, tsutsar ciki, ciwon hanta, sanƙarau. Yawancin mutane sukan tsorata na kwana biyu su manta. Shi wannan a nan ya sami abin karatu. Littafin David Werner na kula da lafiya inda babu likita yana ƙarƙashin matashinsa, kuma kowane dare yakan gano wata sabuwar cuta da ta yi daidai da shi. Ƙurjin zafi ya fito masa, ya ce kuturta ce. Abin mamaki shi ne yadda ya ja sauran: mutanen da a ƙasarsu ba sa ambaton bayan gida ko a gaban iyayensu, kafin mako uku sun zauna suna karin kumallo suna ba juna rahoton fitar daren jiya dalla-dalla, har da yawa da launi. Ga kuma maganin rigakafin zazzaɓi. Mai shan meflokin sau ɗaya a mako yakan yi mafarkai masu ban tsoro, ya tashi yana ba da labarin raƙumi ya shigo masa gidan sauro, mai shan doksisaikilin kullum kuma rana ce take ƙona shi, a ƙasar da zafinta yake haura digiri 40 a watan Afrilu. Uwar masauki ba ruwanta da wannan duka. In ya kwanta sai ta dama kunun tsamiya ta tsaya a kansa: «Tashi ka sha, ɗana. Baƙunta ce, za ta sake ka.»

Kusa da shi akwai wadda ba ta cin nama. An koya mata yadda za ta faɗa, ta kuma faɗa. Maigida ya jinjina kai cikin tausayi, ya ɗauka rashin lafiya ce, ya sa a yanka mata zabo tunda shi ba nama ba ne sosai. Wasu sukan riƙe aƙidarsu har ƙarshe da wake da shinkafa da kwaɗon zogale. Wasu kilishi ne ke kayar da su, a ɓoye.

Sai wanda ya fi 'yan gari zama ɗan gari. Mako guda da zuwa ya daina amsa sunan da uwarsa ta raɗa masa, sai Isufu. Ya ɗinka babbar riga, ya naɗa rawani yadda ba Buzu ba Bahaushe da zai amince da shi, ya sayi butar shayi yana zuba shi daga sama rabi a ƙasa. Ruwan randa yake sha kai tsaye don a san ya wuce matata, abin da ke mayar da shi babban aminin likita. In watan azumi ya kama zai ɗauka, ko da ba addininsa ba ne, ya kuma tabbatar kowa ya sani. Wasan taubasai ne kaɗai ke ba shi wahala. Ya ji Bafillace da Babarbare suna jifan juna da baƙar magana ana dariya, shi ma ya gwada a kan dattijon da ba abokin wasansa ba, wuri ya yi tsit. Macen wannan iri da lalle da kitso da zane ake gane ta, kuma zanen yakan kwance a daidai inda jama'a suka fi yawa. Duk da haka masu masauki suna ƙaunar irinsu, don wanda ya wuce gona da iri wajen so ya fi wanda ke yatsina fuska sauƙin zama.

Akwai kuma wanda ya taɓa zuwa Afirka. Mako biyu ya yi a Kenya yana kallon namun daji, saboda haka duk abin da malami ya faɗa sai ya ce ai a can ba haka ake yi ba.

Mai wasiƙa tsohon iri ne, kuma shi kaɗai ya shiga tarihi. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa cikin rukunin farko da aka kai Najeriya, suna cikin horo a kwalejin jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani a gida kati marar ambulan tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, jaridun duniya suka ɗauka, ita kuma ta bar ƙasar. Jikokinta a wannan hali ba su ƙare ba, kayan aikin ne suka canza. Na daga baya sukan tara labari a kai har ranar da aka ba su izinin shiga Yamai, su ruga shagon intanet. A rubutunsu kowace kunama ta kai tafin hannu, kowace motar haya ta ɗauki mutum talatin da akuya. Yaran da ke bin su suna roƙon kyauta da kiran «Anasara, kado!» sukan fito a labarin ko dai mala'iku ko 'yan fashi, gwargwadon yadda cikin marubucin ya kwana.

Hukumar ba ta da iyakar shekaru ta sama. Lillian Carter, mahaifiyar wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, tana da shekara 68 ta tafi Indiya a 1966. Don haka a wasu rukunan akan sami dattijo ko dattijuwa da suka yi ritaya. Harshe yakan ba su wuya, gwiwa kuma ba ta son tsuguno. Amma furfura tana yi musu aikin da ƙamus ba ya yi wa samari. Ana shimfiɗa musu tabarma, ana kiransu baba ko inna, maganarsu guda uku da suka iya ana sauraronta har ƙarshe, yayin da budurwa 'yar shekara ashirin da uku mai Hausa tsab take fama da tambaya ɗaya daga safe zuwa dare: ina mijinta, kuma me ya sa babu.

Mai ƙirgen kwana yana da hoton wata ko wani a cikin littafinsa, kuma kullum yana tsaye a inda waya take kamawa. Ɗan sa kai ba fursuna ba ne, duk ranar da ya ce ya fasa akan sayi tikiti a mayar da shi. Sau da yawa ziyarar gani da ido ce ke yanke hukunci, wato 'yan kwanakin da ake tura ɗalibai su kwana a ƙauyen wani tsohon hannu, su ga rijiya da nisan hanyar mota da shirun dare. Wasu sukan dawo da ƙarfin gwiwa, wasu su dawo su haɗa jaka. Malamai da direbobin sansani, waɗanda suka ga rukuni bayan rukuni, sukan yi hasashen wanda zai fara tafiya, kuma ba kasafai suke zaɓar mai kuka ba, don mai kuka yakan share hawaye ya ci tuwo.

Wadda ba a cika lura da ita ba ita ce mai shiru. A aji makinta tsaka-tsaki ne, ba ta da tsari kan hamada. Da yamma takan zauna kusa da turmi tana ɓare gyaɗa, an yi mata dariya ta taya, an goya mata jariri ya jiƙa mata baya ta ce ba komai. Sunayen yaran gidan duka ta sani, da na kishiyoyi, da wadda ba a gaisarwa kafin wata. Ranar rabuwa a gidanta ake kuka na gaske, kuma irinta ne sukan nemi ƙarin shekara ta uku.

Ranar rantsuwa a Yamai ake yi, galibi a gidan jakadan Amurka, kowa cikin ɗinkin da telan Hamdallaye ya yi masa, ana zaɓar waɗanda bakinsu ya fi faɗawa su yi jawabi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Daga nan motoci su rarraba su, masu Zabarmanci yankin Dosso da Tillaberi, masu Hausa gabas, wajen Birnin Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram. Haka aka yi ta yi har watan Janairu na 2011, lokacin da aka sace wasu Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai, aka kuma kashe su. Cikin 'yan kwanaki hukumar ta kwashe 'yan sa kanta kusan ɗari zuwa Maroko, ta dakatar da aikinta a Nijar. Cikin waɗanda aka kwashe har da rukunin da bai daɗe da yin rantsuwa ba, wasunsu ko tabarma ba su gama shimfiɗawa a ƙauyukansu ba.